Kumbon Voyager 2 Ya Tarar Da Duniyar Yuranus A Ranar Hadari

Tun da aka fara harba kumbo zuwa sararin samaniya, sau ɗaya tak aka taɓa kai wa duniyar Yuranus ziyara, watau ran 24 ga watan Janairu 1986, sa'ad da kumbon Amurka mai suna Voyager 2 ya gitta ta da nisan kilomita 81,500.

Kumbon yana ɗauke da na'urar awon maganaɗisu, wadda aka ɗaura a ƙarshen wata sanda mai tsawon mita 13 don kada ƙarafan jikinsa su ɓata awon. Amfanin wannan awo kuwa shi ne, maganaɗisun duniya kamar garkuwa yake, yana tare ƙwayoyin lantarki da rana ke fesowa dare da rana, waɗanda masana ke kira iskar rana.

Abin da na'urar ta aiko ya ba masana mamaki ƙwarai. A duniyarmu, maganaɗisu ya kauce wa sandar da take juyawa a kai da kimanin digiri 11 ne kawai, amma a Yuranus ya kauce da digiri 59, kuma cibiyarsa ba a tsakiyar duniyar take ba. Har ila yau an tarar cikin garkuwar kusan wayam, babu ƙwayoyin da ake tsammanin watanninta su zubo mata. Saboda haka aka ɗauka cewa manyan watannin nan biyar matattu ne.

Wannan ra'ayi ya zauna shekara 38. A 2024 ne Jamie Jasinski na hukumar NASA da abokan aikinsa suka sake duba tsohon awon, suka ga ashe 'yan kwanaki kafin isowar kumbon iskar rana ta taso da ƙarfi, ta matse garkuwar. Bisa lissafinsu, irin wannan hali ba ya wuce kashi 4 cikin 100 na lokaci, kuma mai yiwuwa shi ya kore ƙwayoyin.

Idan haka ne, to, ba mamaki watannin suna da sauran motsi, har ma da ruwa a ƙarƙashin ƙanƙararsu. Tun a 2022 masanan Amurka suka ba da shawarar a aika da kumbon da zai zauna yana kewaya Yuranus shekara da shekaru, domin baƙon yini ɗaya ba ya sanin halin gari.