Babbar Zuciya, Raunin Kofato: Tarihin Dokin Sukuwa Secretariat

Duk wanda ya taɓa kallon sukuwa ranar hawan Salla a Matazu ko Malumfashi ya san dawaki da yawa kan fizgi gudu da farko, amma kaɗan ne ke riƙe shi har ƙarshen fage. Jinsin da ya fi shahara da wannan juriya shi ne Thoroughbred, wanda Turawan Ingila suka samar tun wajen 1700 ta hanyar haɗa goɗiyoyinsu da ingarmun ƙasashen Larabawa da Turkawa.

Cikin wannan jinsi aka haifi wani jan ingarma mai suna Secretariat a jihar Bajiniya ta Amurka a 1970. Ya shiga sukuwa sau 21, ya ci 16. A 1973 ya lashe manyan gasanni uku na dawaki 'yan shekara uku, abin da aka yi shekara 25 ba a gani ba. A ta ƙarshe, wato Belmont, ya cinye kilomita 2.4 cikin minti 2 da daƙiƙa 24, kimanin kilomita 60 ke nan a sa'a, ya kuma ba na biyu ratar tsawon doki 31. Har yau ba a karya wannan tarihi ba.

Ina sirrin yake? Doki mai sukuwa yakan ja numfashi ɗaya a kowace zabura, saifarsa kuma ta matse ta kwararo ƙarin jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iskar oksijin. Aikin zuciya ne ta tura wannan jini mai kauri zuwa tsoka. Zuciyar irin waɗannan dawaki kan kai kilo 4, amma likitan da ya binciki gawar Secretariat ya ƙiyasta tasa ta kusa kilo 10, kuma lafiyayya ce sarai.

Sai dai duk girmanta ba ta cece shi ba. A Oktoban 1989, yana da shekara 19, kumburin naman cikin kofato ya tsananta masa har likitoci suka yanke shawarar kashe shi don ya huta. Wannan cuta ba ta Amurka kaɗai ba ce. Ɗaya daga cikin musabbabanta shi ne doki ya cika ciki da hatsi fiye da kima, don haka mai ɗura wa dokinsa dawa gab da Salla, ya rage masa ciyawa da harawa, yana jefa kofatansa cikin haɗari. Alamun farko su ne ɗumin kofato da ƙin taka ƙafafun gaba.