Me Ya Sa Hoton Baƙi da Fari Ke Fitowa Kore?

Bara na so sabunta wani hoton mahaifina na shekarun 1960 da ya fara dushewa. Na shigar da shi kwamfuta, na buga a firintar gida, sai ga farin rawaninsa ya fito kore-kore da rana, da dare kuma ƙarƙashin ƙwan lantarki ya karkata zuwa ja.

Dalili yana cikin tawadar. Yawancin firintocin gida masu feshi launi huɗu gare su: shuɗi, ja, rawaya da baƙi. Ruwan toka kuwa, wanda shi ne ran irin wannan hoto, sai an cakuɗa launukan ake samunsa; ɗaya ya ɗan rinjaya, nan take ido zai gane. Ga shi kowace tawada da yadda take karɓar hasken rana da na fitila. In an umarci na'urar ta yi da baƙi kaɗai, koren zai ɓace, amma fuska ta cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero.

Shi ya sa a 2005 kamfanin Epson ya fito da tawadar UltraChrome K3 mai baƙi hawa uku, daga wuluk zuwa toka mai haske. Tana da tsada, ban musa ba. Amma a ganina, wanda zai adana fuskar kakanninsa gara ya nemi mai irin wannan na'ura, da takarda mai kauri, ya biya. Mai firinta a gida kuma ya riƙa rufe ta da hunturu, yana buga ko shafi guda duk mako, don kada bakin feshin ya bushe ya toshe.