Majami'ar Sayyida Maryam ta Tarabulus

Fataken Kano da suka riƙa bin hanyar Ghat da Gadamas, in sun sauke kaya a tsohon birnin Tarabulus, ba su rasa wucewa ta wani dandali da Larabawa ke kira Maidan Sayyida Maryam. Sunan ya samo asali ne daga majami'ar Katolika da ke wurin, wadda Italiyawa suka sani da Santa Maria degli Angeli, watau Maryamu ta Mala'iku.

Mafarinta a 1645 ɗan ƙaramin ɗakin ibada ne. Limaman ɗariƙar Faransiskan ne suka kafa shi, domin kula da Kiristocin da jiragen Tarabulus ke kamowa a Bahar Rum, waɗanda ke zaman jiran fansa. Hukumar Turkawa ta ƙyale su, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da kuɗin fansa na shiga baitulmali.

Abin da ya haɗa wannan gida da ƙasar Hausa kuwa shi ne wata tafiya da ba a dawo ba. Labari ya kai Rum cewa akwai masu riƙe da gicciye a Kwararrafa, kudu da Borno. A 1710 sai Fada Carlo Maria na Janowa da abokinsa Severino suka tashi daga Tarabulus, suka bi ta Fezzan har Agadas. Hanyar Borno ba ta buɗe musu ba, suka shiga ayarin Katsina. Can ciwo ya kama su, suka rasu a 1711, Kwararrafa kuwa ko ƙurarta ba su hango ba.

Ginin da ke tsaye yau ba shi suka bari ba. An yi ta rushewa ana faɗaɗawa yayin da 'yan Malta da Italiyawa suka yawaita, har aka sāke shi ɗungum a ƙarshen ƙarni na 19. Na dutse ne, a bisa fasalin tsoffin majami'un Italiya: zaure mai tsawo a kan ginshiƙai, da ƙofofi da tagogi masu lanƙwasa, irin abin da maginan Zariya za su kira bakan gizo. Lungunan birnin sun matse shi ƙwarai, sai mutum ya iso dandalin yake ganin girmansa.

Darajarta ta ragu a 1928, da Italiyawa suka buɗe babbar majami'a a sabon gari. Bayan juyin mulkin Gaddafi na 1969 aka rufe ta, daga baya ta zama zauren nunin zane-zane. A 2007 hukuma ta miƙa ta ga 'yan Angilikan, waɗanda da yawansu baƙi ne daga Nijeriya da Gana.