Sunayen yara maza

Ran kwana bakwai da haihuwa ake suna. A yanka rago, liman ya raɗa wa jariri suna, wanzami ya yi masa aski. Wannan shi ne sunan yanka. Yawancinsa daga Larabci ya fito, amma bakin Bahaushe yana taƙaita shi. Abubakar ya koma Habu, Ibrahim ya koma Iro, Idrisu ya koma Idi. Lawali shi ne na fari, Sani na biyu, Salisu na uku.

Akwai kuma lakabi, wanda ke faɗin yadda yaro ya zo duniya. Bala ran Laraba aka haife shi. Sallau ran Salla. Tanko ya biyo ƴaƴa mata, Gambo ya biyo tagwaye.

Ajuji fa? Shi uwarsa wabi take yi, ƴaƴanta suna mutuwa tun suna ƙanana. A da, sai a aje jaririn bisa juji, kamar ba a son shi, sannan a ɗauko shi. Mutane suna fatan ta haka mutuwa ta ƙyale shi ya girma.