Dijital ko fim ɗin silaid: wanne za ka jefa a jaka in tafiya ta yi nisa?

Masu taka hanyar Appalachian Trail a Amurka, wadda ta kai kusan kilomita 3,500 daga jihar Jojiya zuwa Maine, sukan shafe wata 5 zuwa 7 da jaka a baya. A irin wannan tafiya ko cokali sai an duba nauyinsa. To kyamara fa?

Silaid wani nau'in fim ne da hoto ke fitowa a jikinsa da launinsa na gaskiya bayan an wanke, sai a haska shi a bango da majigi. Masu ɗaukar hoton duwatsu sun daɗe suna yabon Velvia na kamfanin Fujifilm, wanda ya fito a 1990, saboda yadda koren ganye da shuɗin sama ke fitowa shar a cikinsa. Kodak ma ya dawo da Ektachrome kasuwa a 2018.

Sai dai silaid ba ya yafe kuskure. Naɗi ɗaya hoto 36 ne kacal. Haske ya ɗan yi yawa, sai sama ta fito fari fat, kuma ba za ka sani ba sai ka dawo gida. Zafi yana ɓata shi, ga wankinsa na musamman da ake kira E-6, wanda ba kowane shagon hoto ke yi ba.

Ita dijital, katin ajiya ɗaya zai ɗauki dubban hotuna, kuma nan take ka ga abin da ka ɗauka. Matsalarta batir. Sanyi yana zuƙe caji da sauri, shi ya sa masu hawa dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, sukan kwana da batiransu a cikin riga. Tsohuwar Nikon FM2 mai fim kuwa ko ba batir tana ɗauka, ma'aunin haske ne kawai zai tsaya.

In tafiyar ta sau ɗaya ce a rayuwa, gaskiya ka ɗauki dijital, da batir biyu na ko-ta-kwana da kati biyu. In kuma ranka na kan silaid, ka fara ƙona naɗi biyu ko uku a gida ka ga yadda hannunka yake. Kan dutse ba wurin koyo ba ne, domin fitowar ranar da ka ɓata a can ba za ta dawo maka ba.