Shirin Musamman: Garkuwar Jama'a da Darasin Sanƙarau a Kurfai

Jama'a masu saurare na Filinge, Shikal, Tukunus, Bonkuku da sauran ƙasar Kurfai, yau shirinmu zai duba wata muhawara da ta raba kan masana: idan annoba ta sauka, gwamnati ta tare ta, ko ta ƙyale ta ta ratsa mutane har jikinsu ya saba?

Masana na cewa idan mafi yawan mutanen gari ba sa kamuwa da wata cuta, to cutar na rasa gadar da za ta taka zuwa ga sauran. Wannan ita ce garkuwar jama'a. Gardamar tana kan hanyar samunta.

A watan Maris na 2020, Patrick Vallance, babban mai ba gwamnatin Birtaniya shawara kan kimiyya, ya ce sai kusan kashi 60 cikin 100 na mutane sun kamu da korona kafin a samu wannan garkuwa. Maganar ta tada ƙura, kuma kafin watan ya ƙare aka kulle ƙasar. A Oktoba wasu malaman jami'a uku suka fito da sanarwar Great Barrington: a killace tsofaffi da masu rauni, a bar matasa su kamu su warke.

Hujjarsu ta cewa kulle yana da illa tana da nauyi. Mu ma mun ɗanɗana kulle: an rufe iyakoki, an killace Yamai, ɗan cirani ya maƙale, gida ya rasa aike. Amma a gidajenmu ina za a ɓoye tsohuwa? Jikokinta na kwana a ɗakinta, hannunsu da nata cikin ƙwarya ɗaya. Shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros, ya ce sakin cuta cikin mutane da gangan ya saɓa wa ɗa'ar aikin lafiya.

Jama'a, Kurfai tana da nata shaidar, wato sanƙarau. Iyayenmu mata sun san zuwansa: ƙurar hunturu ta busar da maƙogwaro, zafi ya kama, yaro ya kwana da ciwon kai, da safe wuya ya sanƙare. A ɗora shi a amalanke a nufi likita. Wani ya cika a hanya, wani ya tashi kurma. Shekara da shekaru cutar tana ratsa mu, ba ta taɓa bar mana garkuwa mai ɗorewa ba. Sai ta lafa, ta sake dawowa. A 1996 ta kama kimanin mutum 250,000 a Afirka, ta kashe kusan 25,000.

Sai a Satumban 2010 aka zaɓi gundumar Filinge ta zama farkon wurin da aka yi allurar MenAfriVac ta sanƙarau nau'in A a Nijar, ga masu shekara 1 zuwa 29. Sirrin allurar shi ne: mutane da yawa na ɗauke da ƙwayar a maƙogwaronsu cikin ƙoshin lafiya, suna raba ta da tari da atishawa. Allurar tana hana ta zama a can. Da matasa suka miƙa kafaɗa, jariri da dattijon da ba a yi wa ba su ma suka tsira. Annobar sanƙarau nau'in A ta kau.

Sai dai aikin bai ƙare ba. A 2015 nau'in C ya ɓarke, musamman a Yamai da Doso, ya kama sama da mutum 8,000, ya kashe fiye da 500. Kullum ana haihuwa, kuma duk jaririn da bai samu allura ba ƙofa ce a buɗe. Ƙyanda ma sai an yi wa kusan kashi 95 cikin 100 kafin ta tsaya. Ga rashin tsaro a jihar Tilaberi yana hana ma'aikatan lafiya isa wasu ƙauyuka da rugage.

Don haka haƙƙin gwamnati ne ta kai allura har inda hanya ta ƙare, ba ta jira cuta ta yi mata aiki da rayukan talakawa ba. Namu kuma, iyaye, mu duba katin rigakafin yaranmu, mu kai su kafin rani ya kama.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.