Idan birki ya ƙi kamawa, wa zai biya kuɗin asibiti?

Duk sanda moto ta buge mutum a unguwa, abin da muke fara ji shi ne: "Birki ne ya ƙi kamawa, ƙaddara ce." Mun yarda da ƙaddara. Amma a Ghana tambayar kotu daban take: wa ya kamata ya san birkin ya lalace, kuma me ya yi a kai?

Mai moto da ya daɗe yana jin birki na kuka, ko ya ga taya ta suɗe, ya ci gaba da hawa, ya yi sakaci, kuma alhaki na kansa. Wanda ya ba yaro moto yana masa aiki, shi ma ana iya haɗawa da shi. Idan kuwa fita ne ya gyara birkin bai ɗaure da kyau ba, ana iya nemansa. To, da wace shaida? Yawancinmu ba ma karɓar rasit.

Tun 1958 doka ta wajabta inshorar da ke biyan wanda aka ji wa rauni, ko iyalin wanda ya rasu. Wannan ƙaramar inshorar ba ta gyara wa mai moto motonsa. Kuma idan takardar ta hawan kai ce, aka shiga okada da ita, kamfani na iya yin gardama. A danna *920*57# a waya, a sa lambar moto, za a ga ko inshorar na da rai. In babu inshora, ko mahayin ya gudu, hukumar inshora ta ƙasa, NIC, tana da asusun taimaka wa wanda ya ji rauni.

Bayan haɗari, asibiti ne farko, ko da ciwon bai nuna ba, musamman in kai ya bugu. Sai a kai rahoto wurin 'yan sandan MTTD, a adana takardar likita da kowane rasit. Kada a yi saurin kai moton gyara kafin a duba ta, don birkin nan shi ne shaida.

Iyayenmu dattawa, sulhu a gidan sarkin zango abu ne mai kyau. Roƙonmu kawai kada a yanke kuɗi tun likita bai gama magana ba. Karayar da aka yi wa kuɗi yau, ana iya cewa sai an yi mata aiki wata mai zuwa.